Idan Yaron Shago Ya Ɓace Tsakanin Shago da Sito

Kebul ɗin da ke haɗa faifan ajiya da uwar garke, wato babbar kwamfutar nan da sauran kwamfutoci ke ɗibar bayanai a wurinta, bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Irin na SATA, wanda ya fito a 2003, ƙafafu bakwai ne kacal a bakinsa, kuma da yawansu ba su da maƙalli. Gwiwar hannun mai kakkaɓe ƙura, ko ta injiniyan da ya zo ƙara wani faifai, ta isa ta zare shi ba tare da kowa ya ji motsi ba. Injin kuwa ba mutuwa yake yi ba. Fanka na juyawa, fitilu na ƙiftawa, shafin da ma'aikata suka buɗe tun safe yana nan a gabansu. Sai can waya ta fara ruri: wannan ya kasa ajiye aikinsa, wancan ya kasa shiga.

Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya cusa kebul ɗin, ya kashe injin ya sake kunnawa. Amma tun daga daƙiƙar da kebul ya fita, magana ta tashi daga kansa ta koma kan lissafi. Uwar garke tana da labarin abin da take zaton ta ajiye, faifai yana da labarin abin da ya karɓa, kuma labaran biyu sun saɓa. Irin wannan saɓani ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a kasuwar hatsi.

Ɗauki ɗan kasuwa a Dawanau, shagonsa a bakin hanya, sitonsa kuma can ciki. Alhaji ba ya ɗaga buhu. Zaune yake yana ciniki, in an daidaita ya rubuta a 'yar takarda: buhun gero ashirin na wane, a fitar, buhun wake hamsin sun iso, a shigar. Babban littafin shiga da fita yana hannun mai sito, shi ya san layin da kowane buhu yake. Tsakaninsu akwai yaro, aikinsa kai takarda da dawo da amsa. Alhaji shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da injin, teburinsa shi ne ma'adanar wucin-gadi da ake kira RAM, sito shi ne faifai, yaron kuma shi ne kebul.

Alhaji ba ya tura yaro a kan kowace takarda, don da zai yi haka da ciniki ya tsaya. Tara su yake yi a tebur, ya ce wa mai saye, "Je ka, an gama," sai sun taru ya aika da su gaba ɗaya. Haka babbar manhajar Linux take yi. A tsarin da take zuwa da shi, duk daƙiƙa 5 tana duba teburin, abin da ya kai daƙiƙa 30 yana jira ta tura shi faifai. Ke nan a kowane lokaci akwai aikin kusan rabin minti da aka ce wa masu shi an ajiye, alhali bai bar tebur ba. Sai dai akwai abokin cinikin da ba ya karɓar "an gama" a baki. Shi cewa yake, "Alhaji, ni fa ba zan ɗaga ba sai yaro ya dawo da sa hannun mai sito." Rumbunan bayanai irin PostgreSQL da MySQL haka suke, kuma umarnin da suke neman wannan sa hannu da shi ana kiransa fsync.

To, a ce da rana tsaka yaro ya fita da takardu bai dawo ba. Wani lokaci Linux nan take take gane hanya ta yanke, wani lokaci sai ta jira amsa daƙiƙa 30, ta sake gwadawa, kafin ta haƙura ta cire faifan daga lissafinta. Daga nan kowane tsarin fayil, wato salon jera bayanai a faifai, da halinsa. Ext4, yadda Debian da Ubuntu suka saba saita shi, komawa yake a karanta kawai ba a rubutu. XFS rufe ƙofa yake gaba ɗaya. ZFS kuwa, in faifan da ya rage bai isa ya riƙe aikin ba, dakatar da komai yake ya zauna jira. Duk abu ɗaya suke faɗa: Alhaji ya rufe littafi, ya ce ba sauran ciniki sai an san inda aka kwana. Masu jiran kaya za su yi ƙorafi, amma wannan ba lalacewa ba ce, hankali ne. Wanda ya tilasta wa injin ya koma rubutu a wannan hali, tamkar ya sa Alhaji ya ci gaba da sayar da buhunan da bai san ko suna nan ba.

Aikin farko shi ne tattara shaida, ba taɓa komai ba. Rahoton da ke faɗin wane faifai ya fita, da ƙarfe nawa, da abin da ya biyo baya, ana karanta shi da umarnin dmesg, kuma a RAM yake zaune. In faifan da ya ɓace shi ne wanda ake rubuta rahotanni a kai, to babu kwafinsa a ko'ina, kashe injin kuwa share shi ne. A ɗauki hoton allon da waya in babu wata dabara. Duk aikin da ke buɗe ba a ajiye ba, a tura shi wata kwamfuta ta hanyar sadarwa, domin takardun da ke kan tebur su ne kaɗai abin da zai salwanta tabbas in aka tashi. Sannan a tsayar da manhajojin da ke ƙoƙarin rubutu. A nan ake gamuwa da abin mamaki: umarnin da mutum ya saba bugawa kullum sai ya ƙi aiki, har da na kashe injin, saboda shi ma a siton aka ajiye shi. Shi ya sa manyan injina ke zuwa da wata ƙofa ta daban, iDRAC a na Dell, iLO a na HP, wadda ake kashewa da kunnawa ta cikinta ko da babbar manhaja ta sume.

Ko an mayar da kebul, akwai tarkon suna. Linux tana raba wa faya-fayai sunaye ne bisa wanda ya fara amsa sallama: sda, sdb, sdc. Faifan da ya fita yana sdb, in ya dawo injin na kunne, sau da yawa sai a ba shi wani suna, domin tsohon yana riƙe a hannun manhajojin da ba su sake shi ba. Bayan an sake kunnawa ma sunayen na iya sauya wuri. Wanda ya haddace cewa "sito na biyu na masara ne" ya aika 'yan dako su kwashe, zai iya wayar gari ya ga na riɗi suka kwashe. Maganin abin shi ne lambar da ke manne da sito shi kansa, ba matsayinsa a layi ba: lambar UUID ta tsarin fayil, da lambar da kamfani ya buga a jikin faifan. Kafin a buga duk wani umarni mai rubutu, a gwada lambar da ke allo da wadda ke jikin ƙarfen.

Daga nan sai a tambayi lafiyar siton. Kowane faifai yana riƙe da nasa rahoton lafiya, SMART, wanda ake karantawa da smartctl. Lamba ta 199 tana ƙirga saƙonnin da suka lalace a kan hanya. In ita ce ke hauhawa, laifin kebul ne ko bakin da aka cusa shi. Lamba ta 5 da ta 197 kuwa suna ƙirga gurabun da suka lalace ko ake shakkarsu a jikin faifan. In waɗannan ke tashi, to ba yaro ne kaɗai ya yi ɓatan kai ba, rufin sito ma na yoyo. A irin wannan hali ba a fara gyara a kansa. Ana kwafe shi ne ɗungurungum zuwa wani faifai da manhaja irin ddrescue, wadda ke fara kwashe wurare masu sauƙi kafin ta koma kan masu wuya, sannan a yi duk gwaje-gwajen a kan kwafin. In gyara ya ɓaci, asalin yana nan.

Abin da ke sa yawancin irin wannan haɗari ƙarewa lafiya shi ne wata ɗabi'ar mai sito nagari. Kafin ya taɓa babban littafi, yana da ƙaramin littafi a aljihu inda yake rubuta niyyarsa: zan fitar da ashirin daga layin gabas, in rage su a shafin wane, in ƙara a shafin wane. In ya gama rubuta niyyar ya ja layi a ƙasa. Ko an katse shi yana tsakiyar aiki, wanda ya zo bayansa zai buɗe ƙaramin littafin: duk niyyar da aka ja wa layi a ƙarasa ta, wadda ba a ja wa ba a yi kamar ba a fara ba. Tsarin ext3 na Stephen Tweedie, wanda ya shigo babbar manhajar Linux a 2001, da wannan dabara yake aiki. Kafin nan, a zamanin ext2, duk katsewa sai an bi faifan kaf ana dubawa, abin da kan ci sa'o'i. Yanzu da an ɗora faifan, wato an buɗe shi don aiki, cikin daƙiƙu an karanta ƙaramin littafin an daidaita. Amma a san iyakar alƙawarinsa. A tsarin da aka saba, abin da yake karewa shi ne lissafin inda kaya suke, ba abin da ke cikin buhu ba. Yana tabbatar da cewa littafi bai saɓa wa kansa ba. Bai ce takardun da suka ɓace a hannun yaro sun iso ba.

In ƙaramin littafin bai wadatar ba, sai a kira mai ƙidaya, wato fsck. Yana bin layi-layi yana gwada littafi da abin da ke ƙasa. Buhun da ya tarar babu suna, sai ya jingine shi a wani lungu da ake kira lost+found, ya sa masa lamba kawai, mai kaya ya zo ya buɗe ya gane abinsa. Shi dai burinsa lissafi ya daidaita, ko da hakan na nufin goge shafin da ya ruɗe shi. Don haka ba a sake shi a kan faifan da ake aiki da shi, kuma a zagayen farko ana sa shi ya duba ne ya faɗi abin da ya gani ba tare da ya gyara ba, da alamar -n. A ɓangaren XFS akwai umarnin xfs_repair -L, wanda ke share ƙaramin littafin baki ɗaya. Mutane kan yi saurin kai masa hannu don yana sa saƙon kuskure ya ɓace, alhali yaga littafin niyya ne tun ba a karanta shi ba. Daidai shi ne a fara ɗora faifan, a bar shi ya karanta littafinsa da kansa. Share shi sai in duk wata hanya ta toshe, kuma bayan an yi kwafi.

Inda lissafi ya fi tsanani shi ne inda sito ya wuce ɗaya. Tun 1988 David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da takardar da ta yaɗa tsarin RAID, wato haɗa faya-fayai da yawa su rufa wa juna asiri. A RAID 1, sito biyu ne masu kaya iri ɗaya da littafi iri ɗaya. In hanyar ɗaya ta yanke, ciniki ba ya tsayawa, ɗayan ya ci gaba. Amma wanda aka yanke, littafinsa ya tsaya a shafin da aka bar shi, ko da ya dawo yana cewa lafiyarsa ƙalau. Manhajar mdadm tana rubuta wa kowane faifai lambar da ke ƙaruwa duk lokacin da halin tsarin ya sauya, kuma da --examine ake gwada su: mai babbar lamba shi ne mai sabon labari. Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne a juye tsohon littafi a kan sabo. In mai siton da ya rage yana sa alama a duk layin da aka taɓa tun tafiyar ɗan'uwansa, kuma mdadm tana da wannan taswira in an kunna ta, to da --re-add waɗannan layukan kaɗai za a kwafa, cikin mintuna. In babu taswirar sai an juye komai. Faifai mai terabayit 8, ana kwafar megabayit 200 a daƙiƙa, zai ci sa'a 11 da ɗoriya, kuma duk tsawon wannan lokaci sito ɗaya ne ke ɗauke da dukiyar.

Akwai kuma kebul irin SFF-8087, wanda shi kaɗai yake ɗauke da faya-fayai huɗu. RAID 5 na jure rashin faifai ɗaya, RAID 6 na jure biyu, amma zare wannan kebul ɗin fitar da huɗu ne a tashi ɗaya. Allo zai nuna tsarin ya rushe, alhali babu faifan da ya mutu. Yaro ɗaya ne ke hidimar sito huɗu. In lambobinsu sun yi kusa da juna, --assemble --force kan tattaro su. Abin gudu shi ne --create, wanda ke rubuta sabon tsari a kan tsohon. Jeri ɗaya ya kuskure, an gauraya komai. Injinan da ke da katin RAID nasu na musamman, irin PERC na Dell, kan ɗauki faya-fayan da suka dawo a matsayin baƙi, su tambaya ko a karɓi tsarin da suka zo da shi ko a share. Zaɓi biyun suna kusa da juna a allo, kuma nan ne ake neman gira a rasa ido.

Ko abokin cinikin nan mai jiran sa hannu bai tsira gaba ɗaya ba. A 2018 Craig Ringer, ɗaya daga masu aikin PostgreSQL, ya bankaɗo cewa in rubutu ya gaza, Linux kan faɗi gazawar sau ɗaya, sannan ta ɗauki takardun a matsayin waɗanda aka gama da su. PostgreSQL kuwa in fsync ya gaza sake tambaya take yi, sai a karo na biyu a ce mata komai daidai. Kamar a tambayi Alhaji, "An kai?" ya ce yaro bai dawo ba, a sake tambaya, ya dubi tebur ya ga babu takarda, ya ce, "Ai an kai." A farkon 2019 aka sauya halin PostgreSQL: da fsync ya gaza sai ta kashe kanta, in ta tashi ta sake bin nata littafin niyya daga inda take da tabbas. Abin lura ga mai farfaɗo da inji shi ne, rumbun bayanan da ya ga kuskuren faifai a tsayar da shi a sake tayar da shi, a bar shi ya karanta littafinsa, sannan a gwada cinikin ƙarshe da rasit ɗin da ke hannun mutane. Fayil ya buɗe ba ya nufin lissafi ya cika.

Cewa hannun mai gyara ya fi haɗarin kansa ɓarna ba zato ba ne. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbun bayanai na biyu da ya daina bin na farko. Ba kebul ne ya fita a can ba, amma yanayin ɗaya ne: sito biyu, ɗaya ya tsaya a baya, dare ya yi, ga gajiya. Ya buga umarnin sharewa a kan na farkon maimakon na biyun. Cikin kimanin gigabayit 300, abin da ya rage bai kai 5 ba. Da aka waiwayi kwafin ajiya, sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki yadda ake zato. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin sa'a shida kafin nan shi ya cece su, aikin waɗannan sa'o'i kuwa ya tafi. RAID ba ya maganin irin wannan, domin abin da aka share a sito ɗaya nan take ake share shi a ɗayan.

Wanda gwiwar hannunsa ta zare kebul shi ne ya fi kowa sanin abubuwa biyu mafi tsada a wannan rana: wane kebul ne, da wane lokaci. A ofishin da kuskure ke jawo tsawa da barazanar kora, abin da zai yi shi ne ya cusa kebul ɗin a ɓoye ya yi shiru, a bar masu gyara suna lalube, wataƙila har su cire faifai mai lafiya. A inda zai iya zuwa ya ce, "Yallaɓai, ni ne, na uku daga sama, wajen ƙarfe goma sha ɗaya," an rage rabin aikin. GitLab ta wallafa bayanin abin da ya faru dalla-dalla, ta ɗora laifin a kan tsarin da ya bar umarni ɗaya ya yi wannan ɓarna.

Sauran rigakafin ba su da tsada. A sayi kebul mai maƙalli, a rubuta wa kowane ɗaya suna a bakinsa biyu, a ɗaure su kada su riƙa lilo. Ma'ajiyar da ke wajen injin a ja mata hanya biyu, in ɗaya ta yanke ɗayar ta ɗauka. A saita mdadm ta aiko da saƙo da zarar faifai ya fita, don akwai injinan da ke yin watanni a kan ƙafa ɗaya ba wanda ya sani. Kwafin ajiya ya kasance a wani wuri daban, kuma a riƙa gwada dawo da shi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a sami ranar da hankali ke kwance, a ɗauki injin gwaji, a zare masa kebul da gangan yana tsakiyar rubutu, a bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya har ya tashi. Abin da aka koya a buga shi a takarda, tare da lambobin faya-fayan da jerinsu, a manna a ƙofar akwatin injin. Kada a ajiye shi a cikin uwar garken, domin ranar da za a neme shi ita ce ranar da ba za ta buɗe ba.